'Yar rakiyar da ke juya ma'ana: yadda aikatau da ƙananan kalmomi ke haɗuwa a Turanci

A ce sakataren wata makaranta ya tura saƙo a zauren WhatsApp na iyayen yara da daddare, ya rubuta: “The meeting has been put off.” Kafin gari ya waye zauren zai rabu biyu. Wasu za su fahimci an soke taron ɗungurungum, su kama harkokin gabansu. Wasu kuma su ce ɗage shi aka yi, a saurari sabuwar rana. Na biyun ne ke da gaskiya. Da sokewa sakataren yake nufi, da “called off” zai rubuta. Ruɗanin ya fi ƙarfi a wajenmu saboda a Turancin Najeriya ana cewa “put off the light” da nufin a kashe fitila, kunne ya riga ya saba jin “put off” a matsayin kashe abu.

Babu ɗan firamaren da bai san “put” da “off” ba. Sai sun haɗu ne ma'ana ke zillewa. Wannan haɗuwa tana fitowa kowace shekara a takardar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB, tana kan fuskar wayar kowa, tana cikin takardun banki da na asibiti. Muhawara a kanta ta ƙara zafi tun watan Janairun 2020, lokacin da babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “put to bed” da ma'anar haihuwa, da “send-forth” wato bikin sallama, da “Kannywood”. A Janairun 2025 aka ƙara wasu 20. Ɗalibai da iyaye suka fara tambaya: tunda Oxford ta karɓa, ashe abin da malami ke jan jan biro a kansa ya halatta ke nan? Amsar tana buƙatar a fara sanin yadda tsarin yake aiki.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Abin da masu nahawun Turanci ke kira “preposition” ƙaramar kalma ce da ke shiga gaban suna don nuna wuri, ko lokaci, ko alaƙa: “in”, “on”, “at”, “to”, “with”, “for”. Takwarorinta a Hausa su ne irin su a, da, daga, zuwa, cikin, kan. Shi kuwa “phrasal verb” aikatau ne da ke tafiya da wata ƙaramar kalma, su biyun su ba da ma'ana guda. A wannan sharhi za a kira ƙaramar kalmar 'yar rakiya, domin aikatau take rakawa.

Tushen rikicin shi ne kalma ɗaya tana iya yin aikin biyu. Malaman nahawu suna yawan kawo jimloli biyu masu kama da tagwaye: “He ran up a hill” da “He ran up a bill”. A ta farko mutum ya hau tudu da gudu, “up” tana nuna inda ya nufa, kuma da tudun take tafiya. A ta biyu babu gudu babu hawa, mutum ne ya tara wa kansa bashi, “up” ta manne da “ran” sun haifi sabuwar ma'ana.

Babban littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985 ya raba lamarin gida uku, kuma yawancin littattafan makaranta wannan rabon suke bi. Akwai aikatau mai 'yar rakiya ta ainihi, kamar “give up”, a haƙura da abu, da “turn off”, a kashe na'ura. Akwai aikatau da ke neman wata ƙaramar kalma takamaimiya kafin ya kai ga karɓau, wato sunan da aikin ya faɗa wa, kamar “look at”, “depend on”, “look after”. Sai mai kalmomi uku: “put up with”, a jure wa abu, “run out of”, abu ya ƙare wa mutum, “look down on”, a raina. Ba duk masana suka yarda da wannan rabo ba. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a nahawunsu na Cambridge na 2002, sun ƙi amfani da sunan “phrasal verb”, suna ganin 'yar rakiyar ita ma “preposition” ce, sai dai ba ta ɗauki suna a bayanta ba. Ga ɗalibi, saɓanin na suna ne. Halayen kalmomin a cikin jimla ba su canza ba.

## Gwajin wakilin suna

Hanya mafi sauƙi ta gane wanne ne wanne ita ce a cire sunan a sa wakilinsa. Ana cewa “turn off the light”, ana kuma cewa “turn the light off”, duka daidai ne. Amma da zarar “it” ta maye gurbin fitilar, tsari ɗaya ya rage: “turn it off”. Bature ba zai ce “turn off it” ba. A ɗaya gidan kuwa akasin haka ne. “Look at the picture” tana komawa “look at it”, ba a raba “look” da “at” da karɓau. Haka “look after the children” take komawa “look after them”. Idan aka koma ga tagwayen jimlolin nan, mai bashi “ran it up”, mai hawan tudu “ran up it”.

Murya ma tana taimakawa. 'Yar rakiya ta ainihi ana danna ta a furuci, shi ya sa a “turn it off” nauyin ke sauka kan “off”, a “look at it” kuwa kan “look” yake sauka. Idan haɗin ya rikiɗe ya zama suna, nauyin yakan dawo farko kuma a rubuta shi a haɗe: mota takan “break down”, amma lalacewar sunanta “breakdown”.

Akwai wani tarko a gida na uku da ke kama har masu digiri. A “look forward to”, wannan “to” ba irin ta “to go” ba ce, suna take nema a bayanta. Shi ya sa daidai shi ne “I look forward to seeing you”, alhali wasiƙun neman aiki da yawa suna ƙarewa da “I look forward to hear from you”.

## Inda Turanci ya samo ɗabi'ar

Turanci ɗan dangin Jamusanci ne da harshen Holan. A tsohon Turanci, wanda aka yi kafin ƙarni na 12, ƙananan kalmomin sun fi mannewa a goshin aikatau. Ragowar wannan tsari na nan a “understand”, “forgive”, “withstand”, “overcome”. Jamusanci har yau yana yin duka biyun: “aufgeben” kalma ɗaya ce mai ma'anar haƙura, amma a jimla sai ta tsage, a ce “ich gebe auf”. Yayin da Turanci ya zubar da yawancin ɗafe-ɗafensa, jerin kalmomi a jimla ya daidaita, ƙananan kalmomin suka koma bayan aikatau suka zauna. Wasu masana tarihin harshe suna ganin cuɗanya da mutanen arewacin Turai da suka mamaye gabashin Ingila da arewacinta tun ƙarni na 9 ta ƙara wa sauyin gudu, tunda harshensu ma yana da irin wannan tsari.

Sai shekarar 1066, da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka, Latin kuma na coci da ilimi. Daga nan Turanci ya wayi gari da kalmomi bibbiyu ga abu ɗaya: ta gida da ta fada. “Put off” da “postpone”. “Go on” da “continue”. “Find out” da “discover”. “Give up” da “surrender”. “Put up with” da “tolerate”. Bahaushe zai gane wannan da sauri idan ya tuna yadda kalmomin Larabci suke zama kusa da na asali, ɗaya ta fi dacewa da huɗuba ko kotu, ɗaya da hira a ƙofar gida.

Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, ya riga ya lura cewa wannan haɗi ne ya fi ba baƙi wahala a Turanci, ya kawo misalai irin su “break off”, “set out” da “take off”. Sunan “phrasal verb” kuwa ya bazu ne daga wani littafin Logan Pearsall Smith na 1925, shi kuma ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin ƙamus na Oxford, ya samo shi.

Daga wannan tarihi ne kuma wata doka da har yanzu ake ji a azuzuwa ta fito, cewa haramun ne a ƙare jimla da “preposition”. Marubuci John Dryden ne ya soki hakan a 1672, har ya koma ya gyara nasa tsofaffin rubuce-rubucen, domin a Latin ba a yin haka. Robert Lowth, a nahawunsa na 1762, ya ce ƙare jimla haka ya dace da hira, amma ɗaya tsarin ya fi kyau a rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya suka mai da shawara doka. Manyan littattafan nahawu na yau ba su ɗauke ta doka ba. “What are you looking for?” cikakken Turanci ne, kuma babu mai cewa “For what are you looking?” a kasuwa.

## Hausa tana yin aikin, amma a wutsiyar aikatau

Mai koyo yakan nemi fassarar 'yar rakiya a cikin ƙananan kalmomin Hausa, ya ce “up” sama, “out” waje, “off” kuma ya rasa abin cewa. Sau da yawa ba can amsar take ba. Abin da Turanci ke yi da 'yar rakiya, Hausa tana yin kaso mai yawa nasa da sauya ƙarshen aikatau, tsarin da F. W. Parsons ya tsara a giredi bakwai a 1960, wanda ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i.

A duba ci da cinye. Yaro ya ci tuwo, wataƙila ya rage. Yaro ya cinye tuwo, kwano ya koma fayau. Wannan bambanci shi ne tsakanin “eat” da “eat up”. Haka sha da shanye suke daidai da “drink” da “drink up”, saya da saye suke kusa da “buy” da “buy up”. Wannan “up” ba ta da alaƙa da sama ko kaɗan, cikar aiki take nunawa, kamar yadda wasalin ƙarshe na cinye da shanye ke yi. Wanda ya riƙe wannan zai gane “use up”, “finish up”, “burn up”, “fill up” ba tare da ya buɗe ƙamus ba.

A duba kuma fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko. Wasalin “o” yana jawo aikin zuwa wajen mai magana. Turanci yana yin wannan da sauya aikatau, 'yar rakiyar tana nan: “go out” da “come out”, “go in” da “come in”, “go down” da “come down”. Fitar da kaya kuwa “take out” ne, mayar da kuɗi “give back” ko “pay back”.

Har rabuwar da ke ba mutane mamaki a “turn it off” tana da 'yar'uwa a Hausa. Ana cewa ya sayar da mota. Idan aka shigo da wanda aka sayar wa, sai a ce ya sayar masa da mota. “Da” ta ja baya ta ba “masa” wuri, kuma babu Bahaushen da zai ce ya sayar da masa mota. Ba a koya wa kowa wannan a aji ba, kunne ne ya ɗauka. Haka ɗan Ingila ya ɗauki nasa.

Ɓangaren da ma'ana ke ɓoyewa gaba ɗaya ma ba baƙo ba ne. Bature mai koyon Hausa da ya san ci yana nufin sa abinci a baki zai tsaya cak idan ya ji an ci amana, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci gaba, an ci mutunci. Zai ƙara rikicewa da sha wahala, sha iska, sha kaye, ko kashe kuɗi da kashe aure. Bambancin kawai shi ne Hausa ta fi haɗa aikatau da suna, Turanci da 'yar rakiya. “Get”, “take”, “put”, “go”, “come” su ne ci da sha na Turanci: gajeru, tsofaffi, kowa ya san su, kuma kowannensu na ɗauke da ma'anoni da dama. “Take off” kaɗai tana nufin tuɓe riga, tashin jirgi, ɗaukar hutu daga aiki, da bunƙasar kasuwanci farat ɗaya.

Ga ɗalibin Nijar akwai ƙarin mataki. Faransanci, wanda ta cikinsa yawanci ake isa ga Turanci a can, yana zuba alkiblar tafiya a cikin aikatau kansa: “entrer”, “sortir”, “monter”, “descendre”. Masanin harshe Leonard Talmy ya raba harsuna a kan wannan, ya sa Faransanci a rukuni ɗaya, Turanci da Jamusanci a wani. Don haka wanda ya taso da Faransanci hannunsa ya fi saurin kaiwa ga “enter”, “descend”, “continue”, saboda sun yi kama da abin da ya sani. Za a fahimce shi, amma maganarsa za ta yi kama da takardar ofis. Batun ya ƙara muhimmanci tunda kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki.

## “In”, “on” da “at”

Nan Hausa ba ta ba da taimako sosai, domin “a” guda ɗaya tana ɗaukar abin da Turanci ya raba uku: a Kano, a ranar Litinin, a tasha. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce “at” tana kallon abu kamar ɗigo, “on” kamar shimfiɗa, “in” kamar abin da ke da ciki. A lokaci, sa'a ɗigo ce, “at 8 o'clock”, rana shimfiɗa, “on Monday”, wata da shekara kuma masu ciki, “in May”, “in 2024”. Ƙa'idar tana da inda take tsayawa. Ana cewa “in a car” amma “on a bus”, ana cewa “in the morning” amma “at night”. “On time” daidai lokacin da aka sa, “in time” kafin lokaci ya ƙure. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba: ɗan Birtaniya “at the weekend” da “fill in a form”, Ba'amurke “on the weekend” da “fill out a form”.

Waɗanda ke bin wasu kalmomi dole, irin su “interested in”, “good at”, “afraid of”, “married to”, “congratulate on”, ba su da dalilin da za a iya hasashe. Tare da kalmar ake koyonsu, kamar yadda mai koyon Hausa zai riƙe cewa dogara da “da” ko “ga” take tafiya.

## Kuskure ne ko Turancin gida?

Siffofin da ake yawan ji a Najeriya suna da asalin da za a iya bi. “Discuss about” ta samu ne daga kwaikwayon “talk about” da “a discussion about”. “Request for” a matsayin aikatau ta fito daga sunan “a request for”. “Comprise of” ta ari rigar “consist of”. “Cope up with” gaurayen “cope with” ne da “put up with” ko “keep up with”. Wani lokaci kuma jefar da 'yar rakiyar ake yi, a ce “pick the call” maimakon “pick up”. Wani lokaci ita ce ke korar aikatau ta hau kujerarsa: “off the light”, “on the generator”. Akwai kuma inda haɗin yake nan amma ma'ana ta sauya. “Round up” a bakin mai jawabi a Najeriya kammalawa ce, a Ingila kuwa tattaro mutane ko dabbobi ne, ko kamen 'yan sanda, kammalawa “round off” ce. “Take in” a nan ɗaukar ciki ne, a can fahimta, ko yaudara, ko ba wani masauki.

Masu ra'ayi na farko, waɗanda suka haɗa da malamai da editoci da yawa, suna cewa amfanin Turanci ga ɗan Najeriya shi ne ya haɗa shi da duniya. Idan kowace ƙasa ta bi son ranta da ƙananan kalmomi, fahimtar juna za ta ragu, kuma ɗan talaka ne zai biya kuɗin, tunda 'ya'yan masu hali suna samun daidaitaccen Turanci a makarantu masu tsada.

Masu ra'ayi na biyu suna bin sahun masana irin su Braj Kachru, wanda a shekarun 1980 ya bayyana Turancin ƙasashe kamar Indiya da Najeriya a matsayin nau'o'i masu cin gashin kansu, da Ayo Bamgbose, da David Jowitt wanda ya fitar da littafi kan Turancin Najeriya a 1991. Hujjarsu ita ce abin da miliyoyin masu ilimi ke faɗa kullum, kuma suke fahimtar juna da shi, ya wuce a kira shi tuntuɓen harshe. Suna nuna cewa “discuss about” ana jin ta a Indiya, “off the light” a Malesiya da Singafo, alamar cewa harshen ne da kansa ke da wannan ƙofa. Turancin Ingila ma ya mai da 'yar rakiya aikatau a “to up the price” da “to down a drink”, ba wanda ya ce kuskure ne.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, amma akwai abin da bai kamata ya ɓace a tsakani ba. Ƙamus na Oxford rajista ce ta abin da mutane ke faɗa da inda suke faɗarsa, shi ya sa yake yi wa irin waɗannan kalmomi alamar yankin da suka fito. Shigar kalma cikinsa ba umarni ba ne ga hukumomin jarrabawa. Mai duba takardar ɗalibi da daidaitaccen Turanci yake auna ta, kuma “cope up with” ko “discuss about” za su ci maki. Ɗalibi yana buƙatar sanin duka biyun da kuma inda kowanne ke shiga.

## Hadda, fahimta, ko ƙirga

Ƙamus na musamman kan wannan haɗi yana ɗauke da dubbai, abin da ke karya gwiwar mai koyo tun kafin ya fara. Tsohuwar hanya ita ce jeri: a rubuta “get” a allo, a jero “get up”, “get on”, “get over”, “get by”, “get away”, a ce a haddace. Tana da saurin shiryawa, kuma ta dace da jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu. Masu sukarta suna cewa jera abubuwa masu kama da juna a rana ɗaya yana sa su cakuɗe a ka.

Hanya ta biyu tana farawa daga 'yar rakiyar. Ta samu ƙarfi daga aikin George Lakoff da Mark Johnson na 1980 kan yadda ɗan Adam ke aron wuri da alkibla don fahimtar abin da ba a gani. “Up” ƙaruwa ko cika, “down” raguwa ko tsayawa, “out” fita fili ko ƙarewa, “off” rabuwa ko yankewa, “on” ɗorewa. Da wannan, “cut off”, “call off”, “break off” da “switch off” sun zama 'yan gida ɗaya. Ga mai jin Hausa hanyar tana da daɗin bi saboda misalin cinye da shanye. Rauninta shi ne ta fi iya bayyana ma'ana bayan an san ta. Babu wanda zai zauna da “put”, “up” da “with” ya haƙo ma'anar jurewa da kansa.

Hanya ta uku ƙirge ce. Dee Gardner da Mark Davies, a binciken da suka wallafa a 2007, sun tace taskar rubutu da maganar Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Sun gano cewa mai karatu zai ci karo da irin wannan haɗi kusan sau ɗaya a kowace kalma 150, kuma aikatau 20 kacal tare da 'yan rakiya 8 su ne suka samar da fiye da rabin duk waɗanda aka ƙirga. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka fitar da jerin guda 150 da aka fi amfani da su, tare da ma'anoni 288 da suka fi yawan fitowa. Wannan adadi ne da ɗalibin sakandare zai iya gamawa a shekara guda idan an rarraba masa.

Bincike ya kuma nuna cewa masu koyo kan kauce wa haɗin gaba ɗaya. Menachem Dagut da Batia Laufer sun ga haka a 1985 wajen masu jin Ibrananci, harshen da ba shi da wannan tsari: sun fi zaɓar kalma guda ko da 'yar rakiya ta fi dacewa. Binciken da aka yi daga baya kan 'yan Suwidin, waɗanda harshensu ke da tsarin, bai nuna irin wannan gudu ba. Wannan ya bayyana wani abu da ake gani a rubutun 'yan makaranta a nan, inda yaro zai rubuta “extinguish” ko “disembark” a wurin da mai harshen zai ce “put out” ko “get off”.

## Inda abin ke taɓa rayuwa

Ga ɗalibi lissafin a fili yake: sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a a Najeriya, kuma Turanci dole ne ga duk mai rubuta JAMB, ko wane fanni yake nema. Mai shirin fita waje da zai zauna jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS zai tarar ma'aunin maki na sashen magana yana neman salon magana irin na masu harshen daga mataki na 7 zuwa sama.

Wanda bai taɓa shiga aji ba ma bai tsira ba. Mai sana'ar POS da mai sayen kati suna fama da “sign up”, “sign in”, “log out”, “top up”. Bambancin “sign up”, buɗe sabon asusu, da “sign in”, shiga wanda ake da shi, yakan sa mutum ya buɗe asusu na biyu bai sani ba. “Back up” adana kwafi ne, “wipe out” sharewa. A asibiti “pass out” suma ce, “pass away” rasuwa, alhali “passing out” a bakin ɗan bautar ƙasa ko soja bikin kammalawa ne. Ɗan kasuwar da ke musayar saƙo da abokin ciniki a Dubai ko Guanzu ta ƙasar Sin yana da wata matsalar ta daban: shi da abokin nasa duka baƙi ne a harshen, don haka “cancel” da “postpone” sun fi “call off” da “put off” aminci a tsakaninsu.

A wasu sana'o'i an mai da wannan taka-tsantsan doka. Ƙa'idar sauƙaƙan Turanci da ake rubuta littattafan gyaran jiragen sama da ita ta hana marubuci ƙirƙirar irin wannan haɗi, domin makanike a kowace ƙasa ya karanta ma'ana ɗaya. Harkar jiragen ta koyi darasin da tsada. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Dalilan suna da yawa: hazon, katsewar rediyo lokacin da murya biyu suka hau kan juna, da fara gudun jirgin KLM ba tare da izinin tashi ba. Amma a cikinsu akwai jimlar da mataimakin matuƙin KLM ya faɗa, wadda aka ji a matsayin “We are now at takeoff.” Shi yana nufin sun fara tashi. Jami'in hasumiya ya fahimci suna tsaye a wurin tashi suna jiran izini. Bayan haɗarin aka gyara ƙa'idar magana ta rediyo a duniya: ba a furta “takeoff” sai lokacin ba da izinin tashi ko janye shi, a duk sauran magana “departure” ake cewa.